In ka yi addu'a ka ji shiru, kar ka tafi sayen amsa

Ka san yadda abin yake. Ka tura wa mutum saƙo a WhatsApp, 'yan alamun nan biyu sun koma shuɗi, kana ganinsa a kan layi, amma ko "to" bai ce maka ba. Kafin minti goma ka gama yanke hukunci: ya raina ka, ko yana fushi da kai, ko ya samu wanda ya fi ka. Wayar da ke hannunmu ta koya mana cewa duk wanda ya ji ka kuma ya yi shiru, wulaƙanta ka ya yi. Abin damuwar shi ne, da wannan ma'aunin muke zuwa mu durƙusa a gaban Allah.

Da kai nake yau, matashi Kirista na kudancin Kano, ko a Nasarawan Kuki kake cikin Bebeji, ko a wani ƙauyen Kiru, ko Karefa ta Tudun Wada, ko can Doguwa bayan dajin Falgore. Da ke ma nake, 'yar'uwa, ke da kike jan waƙa a coci ranar Lahadi alhali zuciyarki a bushe take. 'Yan'uwa Musulmi masu bibiyar wannan fili, ku ma ku gyara zama, don jiran Allah ba na addini ɗaya ba ne. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa Suratul Duha ta sauka ne bayan wahayi ya ɗan yanke, har masu adawa suka fara gori. Amma ni yau daga Littafi Mai Tsarki zan yi magana, da kuma tarihinmu na Masihiyawa.

Mu fara da gaskiya: tambayarka ba ta wasa ba ce. Ka rubuta JAMB sau uku da azumi da addu'a, shiru. Ka gama bautar ƙasa, takardunka suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, shiru. Iya tana kwance, an sayar da buhunan masarar da aka ajiye don magani, 'yan zumuntar mata sun zo sun yi addu'a har muryarsu ta dishe, amma ta cika. Akwai kuma ciwon da ya wuce na gida ɗaya. A ƙarshen watan Satumba na 2007, zargin ɓatanci da ya taso daga wata makarantar sakandare ya zama tarzoma a Tudun Wadan Dankadai. Rahotannin lokacin sun ce aƙalla mutum tara aka kashe, an ƙona majami'u, ɗaruruwa suka bar gidajensu. Yaron da aka goya aka gudu da shi a ranar yanzu ya isa yankar katin zaɓe, kuma in ya tambayi ina Allah yake a wannan rana, ba rashin kunya ya yi ba. Haka Leah Sharibu, da aka sace tare da 'yan makarantar Dapchi ranar 19 ga Fabrairu, 2018. An sako sauran bayan wata guda, ita aka riƙe ta. Majami'u nawa ne suka yi mata azumi a ƙasar nan? Shekaru sun shuɗe ba ta dawo gida ba.

To, me za mu ce? Abin da nake so ka riƙe guda ɗaya ne: shiru ba shi ne yake kashe bangaskiya ba. Abin da ke kashe ta shi ne amsar bogi da muke rugawa mu saya don mun kasa zama da shirun.

Shirun nan yana cikin Littafin

Yawancinmu ayoyin nasara kawai muka sani, waɗanda ake ɗorawa a sitatus da hoton fitowar rana. Buɗe Littafin da kanka ka gani. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Zabura ta 88 ma ba ta ƙare da yabo ba, cikin duhu ta fara, cikin duhu ta rufe, kuma ba wanda ya cire ta daga littafin waƙoƙin sujada. Littafin Ayuba sura 42 ne, amma sai a sura ta 38 Allah ya yi wa Ayuba magana, kuma ko da ya yi, bai gaya masa dalilin da ya sa ya rasa 'ya'yansa da dukiyarsa ba. Littafin Esta, a nassinsa na Ibrananci, ko sau ɗaya ba a ambaci sunan Allah ba, alhali labarin ceton al'umma guda ne daga kisan ƙare dangi.

Ka tuna Yahaya Mai Baftisma. Shi ne ya nuna Yesu da yatsa a bakin Kogin Urdun. Da aka jefa shi kurkuku, sai ga shi ya aiko almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne wanda ake jira, ko a sa ido ga wani. Yesu bai zage shi ba, yabonsa ma ya yi a gaban jama'a. Amma bai buɗe masa ƙofar kurkukun ba, a can aka fille masa kai. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Shi kansa Yesu a Getsamani ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, washegari yana kan gicciye yana tambayar Allah da babbar murya dalilin da ya sa ya yashe shi. Sannan ga Asabar ɗin nan da ke tsakanin Juma'ar gicciye da Lahadin tashi, ranar da ba mu cika yi wa wa'azi ba. Gawa tana kabari, almajirai sun watse cikin tsoro, sama ba ta ce uffan ba.

Saboda haka in wani ya ce maka shirun da kake ji alama ce ta kana da ɓoyayyen zunubi, ko bangaskiyarka ba ta kai ba, ka tambaye shi: wane zunubi Yesu ya ɓoye? Abokan Ayuba ne suka fara wannan wa'azin. Kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce kanzil, kuma wannan ne abu mafi kyau da suka yi. Suna buɗe baki suka ɓata komai, suka dage sai lallai ya yi wani laifi. A ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda Ayuba ya yi. Ka ji fa, Ayuban da ya yi ta ƙorafi shi aka ce ya faɗi daidai, masu kare Allah da ƙarya su aka kama da laifi.

Kasuwar amsa

Duk inda mutane ke jira, 'yan kasuwa ba sa nisa. Shiga TikTok ko Facebook yanzu ka ƙirga. Wani sanye da farar kwat yana nuna ka da yatsa ta cikin waya, wai ba tsautsayi ba ne ya sa ka ga wannan bidiyon, ka rubuta "Amin" ka tura wa mutum bakwai, cikin awa 24 za ka ji alat. Wani yana sayar da mai da ruwa da hankici. Wani ya ce ka "shuka iri", ga lambar asusu a ƙasa. Wanda ya fi haɗari shi ne mai gaya maka wai gwaggonka ta ƙauye ce ta ɗaure maka arziki. Ka je da ciwo ɗaya, ka dawo da biyu: ga talaucin yana nan, ga gaba da dangi.

Wannan ciniki ba sabo ba ne. Sarki Saul ya nemi Allah ana gobe yaƙi da Filistiyawa, bai samu amsa ba, ko ta mafarki ko ta bakin annabi. Sai ya ɓad da kama, ya bi dare ya tafi wurin wata mai duba a Endor, shi da ya kori masu duba daga ƙasar da bakinsa. Ya samu abin da zai ji, amma bai tsira ba. Isra'ilawa ma da Musa ya yi kwana 40 a kan dutse ba labari, zoben kunnensu suka tara aka ƙera musu ɗan maraƙi, don su samu abin bauta da ido ke gani.

Labarin da ya fi kama da zamaninmu yana Irmiya sura 28 da 29. An kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, kowa na tambayar yaushe za a dawo. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a Haikali ya ce cikin shekara biyu komai zai wuce. Har ya fizge karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta a gaban jama'a. Da a yau ne, wannan bidiyon sai ya zagaya duniya kafin magariba. Me Irmiya ya yi? Tafiyarsa ya yi. Ba shi da sabon saƙo a lokacin, kuma bai ƙirƙiro ba. Sai daga baya maganar ta zo masa, kuma ba mai daɗi ba ce: zaman na shekara 70 ne. Hananiya bai ga ƙarshen wannan shekarar ba.

Ka lura da wannan ma'aunin, zai yi maka amfani. Malamin kirki yana iya ce maka "ban sani ba, zo mu yi addu'a tare." Na bogi bai taɓa rasa amsa ba, kuma amsarsa kullum da farashi. Ba ina cewa Allah ya daina yin al'ajibi ba ne, ko kar ka sa rai. Sa rai mana. Abin da nake cewa shi ne, al'ajibin da ake biya ta POS ba daga sama ya zo ba.

Kuma ba mai farar kwat kaɗai ke sayar da amsa ba. Ƙwaya ma amsa ce ta bogi, haka cacar ƙwallo ta waya, haka kwana ana latsa bidiyo har asuba don kar mutum ya zauna da tunaninsa. Duk hanyoyi ne na toshe kunne.

Mutanen Gimi

Mu Hausawa Kiristoci muna da namu tarihin jira, sai dai ba a cika ba mu labarinsa ba. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa. An kashe shi, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu a ƙauyuka, wasu wajen Ningi, wasu a kan iyakar Kano da Zazzau. Shekaru da dama suka yi suna jiran wanda zai zo ya ƙara musu bayani. A 1913 wasu daga cikinsu suka haɗu da Dokta Walter Miller a Zariya, daga nan aka kafa musu mazauni a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, ba nisa can da iyakar kudancin Kano. Suka yi gidaje, suka yi gonaki, suka buɗe makaranta. Kai ka ce addu'a ta karɓu.

Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa garin. Cikin 'yan shekaru ya kashe mutane da yawa, mazaunin ya watse. Ka sa kanka a matsayin uwar da ta baro danginta saboda bangaskiya, ta zo ta binne 'ya'yanta a Gimi. Wace amsa aka ba ta? Babu.

Yaran da suka tsira ne aka kai makaranta a Zariya, daga baya Wusasa. Daga zuriyar Isawan nan aka samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu. A wannan zamanin ne kuma aka yi ta aikin fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kakan wanda ke cikin wayarka yanzu.

Kar ka yi saurin cewa "ka ga, ashe komai ya yi daidai." Kujerar shugaban jami'a ba ta biya uwar nan 'ya'yanta ba, kuma ta mutu ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da labarin ke nunawa kawai shi ne, mutumin da ke tsakiyar shiru ba ya hango iyakar abin da ake yi da rayuwarsa. Manomin gero ya san wannan. Yakan yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta haɗa hadari ba. Wata shekarar ruwa ya zo a kan kari, wata shekarar irin ya lalace ya sake shuka. Bai taɓa cewa don sama ta yi shiru babu damina ba.

Na san akwai mai cewa, "Malam, ƙila shirun nan don babu kowa ne a can." Ba zan yi maka ƙaryar ina da hujjar da za ta rufe bakin kowa ba, da akwai ta da ba a kira abin bangaskiya ba. Amma ka duba Mother Teresa ta Kalkata a Indiya. Bayan rasuwarta a 1997, wasiƙunta da aka buga a 2007 sun nuna ta shafe kusan shekara 50 ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta. Duk tsawon lokacin nan kullum tana tashi da asuba ta yi addu'a, ta fita ta kwaso marasa lafiya daga bakin titi. Jin daɗin addu'a daban, riƙe amana daban. Bangaskiyar da ka gada daga Baba da Iya takan zama taka ta kanka ne a ranar da ka ci gaba da riƙe ta ba tare da an ba ka tukuici ba.

Wani shirun namu ne

A nan sai mun yi hattara, don akwai shirun da muke jingina wa Allah alhali na mutane ne. In asibitin garinku ba magani, ba sama ce ta yi shiru ba. In matashi Bahaushe Kirista ya je neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma aka tsaya yi masa kallon baƙo saboda sunansa Bitrus ko Rahila, a garin da aka binne kakannin kakanninsa, wannan ba asirin Allah ba ne, zalunci ne, kuma yana da ofishin da ake kai ƙararsa. In makarantar gwamnati ba malamin darasin addinin Kirista, iyaye da shugabannin coci ne za su rubuta, su bi sawu, su sake bi. Lokacin zaɓen Fabrairun 2023 an ƙona ofishin wata jam'iyya a Tudun Wada, aka rasa rayuka. Iyayen waɗannan ma sun ɗaga hannu sama sun yi kuka. Wutar siyasa ba ta tambayar addininka, kuma matasa irinmu ake ba ashanar.

Sau da yawa amsar addu'ar wani tana hannun maƙwabcinsa. Ranar 23 ga Yuni, 2018, da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, mutane sun gudu suna kiran sunan Allah. Ba mala'ika aka aiko musu ba. Wani dattijon limami ne, Malam Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Da ya ce ba ruwansa, da yau ana cewa Allah ya yi shiru a Nghar.

Shi ya sa wasiƙar da Irmiya ya aika wa mutanen Babila ta dace da mu, ko da yake mu ba baƙi ba ne a nan, ƙasar iyayenmu ce. Bai ce su naɗe hannu har shekara 70 ta cika ba. Cewa ya yi su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure, su nemi alherin garin da suke ciki, su yi masa addu'a, don zaman lafiyarsu na ɗaure da na garin. In da a Tudun Wada ya rubuta ta, da ya ce a shiga noman shinkafa da kasuwarta. In a Bebeji ne, ga ruwan Tiga nan tun zamanin Audu Bako, a yi noman rani, a yi kamun kifi. Ka koyi gyaran waya ko ɗinki ko walda, ka sake cike fom ɗin, ka yanki katin zaɓe, ka je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabcinka Musulmi, ka ci tuwon sallarsa, shi ma ya ci shinkafar Kirsimetinka.

To, yau da dare fa?

Ka gaya wa Allah gaskiyar abin da ke ranka, da Hausar da kake magana da ita, ba sai ka yi masa ado ba. In haushi kake ji, ka ce haushi kake ji. In kalmomi sun ƙare, buɗe Zabura ta 13 ko ta 42 ko ta 88 ka karanta a hankali, waɗanda suka riga ka shiga wannan hali sun bar maka bakinsu aro.

Ka kashe data na minti goma sha biyar. Iliya ya gudu zuwa Dutsen Horeb a gajiye, har yana roƙon mutuwa. Iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, duk Allah ba ya ciki, sai a wata 'yar siririyar murya. Mu da kunnenmu ke toshe da iyafis tun safe har dare, anya za mu ji ko an yi magana? Kuma kafin wannan duka, abin da aka fara ba Iliya abinci ne da barci. In ka ga makonni sun wuce ba ka iya barci, ba ka son abinci, ko tunanin kashe kanka na zuwar maka, ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi yau ɗin nan, ku je wurin likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi, shan magani ba ya rage wa kowa bangaskiya.

Kar ka daina zuwa sujada don ba ka jin komai. Ranar da ka kasa waƙa, na kusa da kai zai yi a madadinka, wata rana kai za ka yi masa. In kuma abokinka ne ke cikin wannan hali, don Allah kar ka tura masa bidiyon mai farar kwat, kar kuma ka fara lissafa masa zunubansa. Hau mashin ka je, ka zauna kusa da shi. In da hali ka riƙa masa ɗan abin cefane.

Ba zan ce maka cikin awa 24 za ka ji alat ba. Wataƙila amsarka ta zo gobe, wataƙila sai ka yi furfura, wataƙila kamar mutanen Gimi jikokinka ne za su gan ta. Abin da bangaskiyarmu ta tsaya a kai shi ne, wanda muke kira ya taɓa ɗanɗana wannan shirun da kansa a kan gicciye, kuma Asabar ɗin nan ba ita ce ranar ƙarshe ba. Ka riƙe kuɗinka, ka riƙe danginka, ka ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa.

Allah ya ba mu haƙurin jira, ya kuma hana mu yin shiru a inda ya kamata mu yi magana. Amin.